WASAN KWAIKWAYON ƘASARMU: DAGA WASAN KARA ZUWA DANDALIN SAMARIYA

(Jawabin da kwamitin ƙungiya ya karanta a babban taron shekara. An buga shi nan saboda ƴan uwa da ke nesa.)

 

Ranka ya daɗe mai gari, Allah gafarta malamai, dattawanmu, iyayenmu mata, ƴan uwa na gida da waɗanda sunka taso daga Maraɗi, da Yamai, da Kano, da Ikko, da sauran wuraren neman abinci, muna yi muku barka da zuwa. Waɗanda Allah bai nufa su zo ba, takardar nan za ta iske su inda suke, a karanta musu.

Bana an ɗora mana magana a kan wasan kwaikwayo, wanda ƴan lakkwal ke ce ma teyatur. Mun san akwai wanda zai ce a ransa: ga rijiya tana son yasa, ga ajin yara na zana yana jiran siminti, mi ya kai mu ga zancen wasa? To, ga dalili. Saurayin da ke da shekara 20 a 1976, lokacin da samariya ke tashe, yau ya doshi 70. Wasannin da sunka yi a dandalin garuruwanmu ba a rubuta su ga takarda ba, cikin kawunansu suke. Duk sa'ad da munka raka ɗayansu kushewa, da wasa biyar ko goma muke rufe shi. Rijiya in ta rushe ana gina wata. Wannan kuwa in ya tafi ya tafi ke nan.

ABIN DA MUNKA GADA

Kada wani ya ce muku Nasara ya kawo mana kwaikwayo. Ya iske mu da shi. Duk wanda ya tashi a ƙasar Katsinar Maraɗi ko ta Gobir ya san tashe, wanda yara ke farawa in azumi ya kwana goma. Yaro ya liƙa gemun auduga, ya ɗauki sanda, ya duƙa, ga Tsoho da Gemu. Wani ya rataya layu da saiwoyi, ga Jatau Mai Magani. Ƴan mata su yi Mairama da Daudu, suna koyon zaman aure tun ba a kai su ɗaki ba. Ana ba su hatsi ko ƴan kuɗi, amma babban abin da ke ciki shi ne yaro ya shiga rigar babba ya nuna ma babba halinsa, babba kuma ya yi dariya ya ba da sadaka.

Akwai ƴan kama, masu rawani da allo da kwaikwayon muryar wa'azi, alhali tuwo da miya kaɗai suke yabo. Akwai wasan gauta, wanda matan fada ke yi a gidajen sarauta: wagga ta zama sarki, waccan ta zama galadima, su kwaikwayi tafiyar kowa da maganarsa a gaban mai ita. Akwai kalankuwa bayan kaka, inda samari ke naɗa nasu sarki da alƙali da dogarai.

Sa'annan ga wasan kara, wanda Damagaram ta fi kowa suna a kansa. In an yi girbi, kara ya bushe, samari su fere shi su yi bindiga, da tabarau, da agogo, da doki, har da mota. Wani ya zama sarki, wani kumandan, wani likita, wani jandarma. A zamanin baya-bayan nan har shugaban ƙasa da ministocinsa ana kwaikwaya, a zaɓo mutum mai kama da shi, ya koyi tafiyarsa da yadda yake ɗaga hannu, manyan kuma suna zaune suna kallon kansu.

Ku lura da abu guda da ya haɗa waɗannan duka. Bahaushe yana da kunya. Ɗa ba ya duban idon ubansa ya ce ka yi kuskure, talaka ba ya tsayawa ƙofar fada ya ce an ci zalunci. Sai kakanninmu sunka buɗe wata ƙofa ta gefe, sunka sa mata suna wasa. Abin da ya fi ƙarfin baki sai a bi da shi ta nan, kowa ya ji, ba a kama sunan kowa ba, ba wanda ya tashi da gaba. Shi ya sa ake cewa da wasa ake faɗa ma wawa gaskiya, mu kuwa mun ga har mai hankali da ita ake faɗa mishi.

NA LAKKWAL

Abin da Nasara ya kawo shi ne dakali, da labule, da raba wasa kashi-kashi. Tun shekarun 1930 ɗaliban makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da akawuna na Afirka ta Yamma, suna shirya wasanni da Faransanci. Ƴan Nijar da sunka yi karatu can sunka komo da abin. A shekarun 1950 Mahaman Dandobi ya yi suna a Yamai, har ya mai da labarin Kabrin Kabra wasan kwaikwayo. Daga baya André Salifou, haifaffen Damagaram, ya rubuta wasa a kan Sarki Tanimun, an buga shi littafi a 1973. Waɗannan aiki ne mai kyau, amma da Faransanci ne, manomin Gangara ko na Gidan Sori bai san ana yi ba.

A Nijeriya kuwa da Hausa anka fara rubutawa. An buga wasanni shida na Hausa tun shekarun 1930, sa'annan Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. Su nasu ya shiga littafi, yara na karanta shi a makaranta har yau. Namu na wannan gefen iyaka bai bi ta littafi ba. Ta baki ya bi, shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma ya sa yake saurin ɓacewa.

SAMARIYA DA FESTIBAL

Bayan samun mulkin kai a 1960, zamanin Diori Hamani, ana yin makon matasa a Yamai, ƙungiyoyin jihohi su je su yi wasa da rawa da waƙa. Amma abin bai sauko ƙauye sosai ba sai bayan 15 ga Afrilu 1974, ranar da soja sunka karɓi mulki, Seyni Kunce ya hau. An hana jam'iyyu, ga ƙasa ta fito daga farin 1973, hukuma tana neman igiyar da za ta kama jama'a da ita. Sai ta ɗauko samariya, wadda dama muna da ita tun kaka da kakanni, da sarkin samarinta da gayyarta. Kowace unguwa, kowane ƙauye, anka ce a kafa samariya. Su ke gina aji, su ke share gari, su ke shuka itace, su ke tarbon baƙi. Da dare kuma su ke da dandali.

A 1976 anka buɗe babban bikin matasa na ƙasa, wanda kowa ya sani da festibal. Damagaram ta fara karɓarsa, daga nan ya riƙa zagaya manyan garuruwan jihohi, cikin watan Afrilu, Maraɗi ma ta samu nata rabo. Shekara guda kafin nan, a 1975, an buɗe kokowar ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya zama zakaran farko. Dattawa za su tuna yadda shekarun nan sunka kasance: rediyo a kunne, ana jiran a ji mi Maraɗi ta ciyo.

Kafin a kai ga festibal akwai tsani. Samariyar ƙauyuka su kara a garin hakimi. Waɗanda sunka yi fice su tafi Agye ko Gidan Rumji, gaban sufurife. A lokacin Gazawa tana ƙarƙashin Agye, sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Daga nan a tace, a tafi Maraɗi a kara da Tasawa, da Mayahi, da Dakwaro, da Madarunfa, da birnin Maraɗi kansa. Waɗanda anka zaɓa su ke ɗaukar sunan jiha su je su gamu da sauran jihohi shida. Mutanen birni sun fi yawa cikin masu kaiwa ƙarshe, wannan gaskiya ne. Amma albarkar tsanin nan a ƙasa take. Don a fitar da ƙungiya guda, sai an yi wasa ɗari a ƙauye ɗari, kuma kowane wasa gari guda ya zauna ya kalle shi.

YADDA AKE GINA WASA

Yaranmu na yanzu suna tsammani sai da takarda da kyamara. To, ku ji yadda iyayenku ke yi, da yawansu ko harafi ba su sani ba.

Da fari a zauna bayan sallar lisha a zaɓi magana. Ba daga sama ake ɗauko ta ba, abin da ke damun gari ne: auren dole, tsadar aure, rabon gado, cin hanci, bashin ƙungiyar manoma, boka mai cin kuɗin mata, yaro ya tafi ci-rani ya manta da gida. In an tsai da magana sai a ƙulla labari a baki, a raba shi kashi-kashi: nan gidan Alhaji, nan kasuwa, nan gaban alƙali. Sa'annan a raba mutane. Mai tumbi da murya ya zama Alhaji. Mai kaifin baki ya zama dillali ko maroƙi. Wanda ya taɓa zama birni ya zama akawu, ya riƙa jefa Faransancin da shi kansa bai san ma'anarsa ba. Mushen lakkwal, in akwai shi, ya rubuta jerin fitowa a ƴar takarda don kada a rikice, iyakar rubutun ke nan.

Maganar da kowa zai faɗa kuwa, daga cikinsa za ta fito. An gaya maka kai ne uban yarinya, ka karɓi kuɗin mutum biyu, ga su sun zo rana guda. Yadda za ka fid da kanka, wannan ya rage naka. A yi ta maimaitawa dare bayan dare. Karin maganar da ta ba da dariya a riƙe ta, wadda ta faɗi ƙasa a bar ta. Wanda ke kallo daga gefe ya ce a'a, tsohuwa ba haka take amsa sallamar suruki ba, a gyara. Ta haka wasa ke nuna kamar fura a ƙwarya, kuma ba a taɓa yinsa sau biyu iri ɗaya.

Kayan aiki ba su da yawa: tabarma, buta, kujera, tebur ɗin lakkwal, babbar riga ta aro, zane biyu a ɗaure a zama labule, fitila a rataye. Jama'a su yi da'ira, mata gefe, maza gefe, yara a gaba cikin rairayi. Mai kallo ba ya yin shiru. In azzalumi ya fito a yi mishi ihu, in marainiya ta yi kuka ka ji tsofaffi suna salati.

Ku ɗauki wasan ɗan ci-rani, wanda kusan kowane gari ya yi irin nasa. Saurayi ya sai da akuyar uwarsa ya yi kuɗin mota. Ya yi shekara uku ba aike ba labari. Uban ya tsufa, gandu ya koma saura, matar tana zaune ba aure ba saki. Ran nan sai ga shi da rediyo a kafaɗa, da tabarau, da wando mai faɗin ƙafa, yana gaida mutane da Turancin tasha. Gari ya fashe da dariya. A buɗe akwati a iske ba komi sai batir da sabulu. Dariya ta ɗauke. Cikin masu kallon nan akwai uwar da ɗanta ke Ikko, akwai saurayin da ya riga ya ɗaure kayansa. Ba wanda anka ambata, amma kowa ya kwana da abin a ransa. Mu da ke zaune nan, da yawanmu mun yi dariyar wasan nan, mun kuma hau motar. Sai dai wanda ya kalle shi, ko ya tafi, da wuya ya yi shekara uku bai aiko ba.

DAMAGARAM, REDIYO DA TELE

Ba a zancen wasan Hausa a Nijar a tsallake Yazi Dogo. Malamin makaranta ne, mutumin Arewa ta Dogon Dutsi, aiki ya kai shi Damagaram, can ya haɗu da abokan wasansa, ƙungiyarsu ta riƙa yi ma gidan rediyon ƙasa wasa. Su ma ba da rubutu suke yi ba, yadda munka bayyana muku haka suke gina nasu. Cikin wasannin Damagaram da sunka yi suna akwai Gado Karhin Allah. Da telebijin ta ƙasa ta fara aiki a 1979, hukuma ta riƙa kafa tele ta jama'a a garuruwa, wasu da hasken rana suke aiki, sai fuskokin da ake jin muryarsu sunka bayyana. Samariyar ƙauye ta ga yadda gwanaye ke shiga da fita, ta ɗauka.

Ta kudu kuma rediyon Kaduna na shigo mana, ƴan ci-rani na komowa da labarin Samanja Mazan Fama da Ƙasimu Yero. A jami'ar Zariya ma malamai da ɗalibai sun fita ƙauye, a 1977 sun yi Wasan Manoma a ƙasar Soba, suna tambayar manoma damuwarsu su mai da ita wasa. Abin da masu digiri sunka fita nema, shi samarinmu ke yi da fitila ɗaya.

Masana sun rubuta tarihin abin. Wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta zauna Nijar ta bi ƙungiyoyin nan, ta fitar da littafi a 1987. Shaibu Dan Inna, malamin jami'a ɗan ƙasarmu, ya fitar da littafi a kan Yazi Dogo a 2015. Allah ya saka musu. Amma ɗaya da Ingilishi yake, ɗaya da Faransanci, kuma manyan ƙungiyoyin birane sunka fi duba. Na ƙauyukan Agye da Gazawa da Gidan Rumji yana nan inda yake, a bakin tsofaffi.

RIGAR ARO

Kada mu yi ma zamanin nan kwalliyar da ba tasa ba. Hukuma ba don Allah kaɗai ta riƙe samariya ba. Tana da saƙonta: a biya lanho, a kai yara lakkwal, a je awo likita, a bar saran itace, musamman bayan babban taron yaƙi da hamada da anka yi a Maraɗi a 1984. Kuma akwai iyaka. Kana iya kwaikwayon ɗan akawu mai karɓar na goro, ko mai awon gyada da ke danne sikeli, amma ba ka taɓa na sama. Wani wasan kuma wa'azin hukuma ne tsagwaronsa, jama'a su yi ta hamma.

Duk da haka gwanayen sun san hanyarsu. Su ba hukuma nata a ƙarshen wasa, su ba gari nasa a tsakiya. Shekarar 1984, da ruwa ya ƙi, Nijeriya kuma ta rufe iyaka, har anka sa ma yunwar suna El Buhari, ba sai an gaya ma mai wasa abin da zai taɓa ba. Ya fito da mudu a hannu yana kwaikwayon mai ɓoye hatsi, kowa ya san inda aka dosa.

Abin da muke so ku riƙe shi ne wannan: wasan namu ne, aronsa hukuma ta yi. Ta iske shi a tashe da wasan kara, ta sa mishi riga, ta hau da shi mota. Ran da ta tuɓe rigarta, ba wasan ne ya mutu ba.

ABIN DA YA KWANTAR DA SHI

Kunce ya rasu ran 10 ga Nuwamba 1987. Kuɗin uraniyom sun riga sun ja baya, aljihun gwamnati ya yi sauƙi. A 1991 anka yi babban taron ƙasa, jam'iyyu sunka dawo, aka riƙa duban samariya kamar kayan mulkin da ya wuce. Samarin gari guda sunka rabu, kowa da tutarsa, wanda kuke wasa tare jiya yau ba ya zama tabarmarka. Festibal ya daina zuwa a kan kari, tsanin nan da ke tasowa daga ƙauye ya karye.

A daidai lokacin kuma Kano ta fara fim na bidiyo. Ƙungiyar Tumbin Giwa, wadda ita ma daga wasan dandali ta taso, ta fitar da Turmin Danya a 1990. Kafin shekara goma kaset ya cika Maraɗi, muka sa ma abin suna dandalin soyayya, kowane gari da mai janareto da ɗakin kallo. Yau kuma ga salula, kowane yaro da silimarsa a tafin hannu. Ba mu zo zagin fim ba, Hausa ce ake yi, mutane da yawa na cin abinci da shi. Amma fim ɗin Kano bai san an sai da gonar marayu a unguwarmu ba. Bai san rijiyarmu ba, bai san wa ke hana ƴarsa zuwa lakkwal ba. Kuma kallonsa kowa shi kaɗai yake yi. Wancan kuwa gari guda ke zama, a yi dariya tare, a ji kunya tare, da safe a tashi da zancen a bakin rijiya da majalisa.

KO YAU DA SAURAN AMFANI?

Mu duba abin da ke gabanmu. Ƙasar Agye da Gazawa ta cika, gona ta yi kaɗan. Gandun da kaka ya noma shi ɗaya, yau jikoki ashirin ke dubansa. Gamanar da ake ba mace a da, a gidaje da yawa ta gagara. Ana sai da gona ko a jinginar da ita da baki, ba takarda, alhali tun 1993 akwai dokar ƙasar noma, akwai kwamitin da ke rubuta shaidar ciniki. Bayan shekara goma sai shari'a, ƴan uwa su daina gaisawa. Ga kuɗin aya da ke shigowa lokaci guda a Caduwa da kewaye, su ƙare a biki guda. Ga yara na tafiya haƙar zinariya tun da anka gano ta a Jado a 2014, wasu su dawo, wasu sai labari. Ga ƙwaya. A yammacinmu kuma, tun 2019 ƙasar Gidan Rumji ke karɓar ƴan uwanmu da ƴan bindiga sunka koro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, har an zaunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Zama da baƙo, rabon ruwa da itace da makiyaya, duk magana ce mai son a yi ta.

Wace ce cikin waɗannan za a iya faɗa ma mutum ido da ido ba a ɓata ba? Kun ga ƙofar gefen nan da kakanni sunka buɗe, yau mun fi su bukatarta.

Mun san akwai masu ja, kuma maganarsu abin saurare ce. Malamai sun ce dandalin dare yana haɗa maza da mata, ana kai wa ga abin da bai dace ba. Masu unguwa sun ce zamanin nan taron dare ba shi da aminci, musamman kusa da iyaka. Duka biyu gaskiya ne, kuma maganinsu ɗaya: a yi da rana. A fara bayan la'asar, a tashi kafin magariba, a filin lakkwal, mata da gefensu. Kafin a fito, dattijo biyu da malami guda su ga gwaji, abin da ya saɓa ma addini ko ya nuna wani gida da yatsa a cire shi. Amma muna roƙon dattawa, ranku ya daɗe, kada a cire gishirin. In an ce ba a taɓa mai kuɗi, ba a taɓa mai gari, ba a taɓa ɗan ci-rani, to sai a bar yara su koma ga salularsu.

ABIN DA MUKE NEMA GA TARO

Na ɗaya, a fid da mutum uku, cikinsu har da mace, su bi gida-gida su rubuta sunan duk wanda ya yi wasa zamanin samariya, maza da mata, na nan da waɗanda aure ko neman abinci ya kai wani gari.

Na biyu, a zauna da kowanensu a ɗauki muryarsa da salula. A tambaye shi wane wasa, wa ya fito a mi, ina anka kai shi, mi ya ba mutane dariya. In biyu ko uku za su iya tashi su maimaita kashi guda, a ɗauki hotonsu. A ajiye abin wuri uku: wajen magatakarda, wajen mushe, da wajen reshenmu na birni, don salula tana faɗawa ruwa. Wanda ke da tsohon kaset ko hoto a ƙasan akwati ya kawo, za a kwafa a maido mishi.

Na uku, ɗalibanmu na kwaleji da lise su juya muryoyin nan zuwa rubutu lokacin hutu, da Hausa, yadda tsofaffin sunka faɗa, kada a gyara musu baki. Tun watan Maris 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. To, harshe da abin da anka ajiye cikinsa yake yin nauyi. Kowace fitowa ta takardar nan za mu ba da shafi guda ga wasa guda.

Na huɗu, a yi wasa ɗaya a shekara, da kaka, bayan an ɗaure dawa da hatsi, kafin masu tafiya su ɗaure kaya. Tsofaffi su koyar, yara su yi. Magana ta farko da muke ba da shawara ita ce cinikin gona ba takarda.

Na biyar, kuɗi. Ba mu neman siminti ko lasifika mai tsada. Muna roƙon kowane ɗan ƙungiya da ke waje ya ƙara jika ɗaya bisa zubinsa na shekara, na gida kuma mudun hatsi, don goron tsofaffi, da katin ajiyar murya, da takarda. Ma'aji zai karanta lissafin a taro mai zuwa kamar yadda ya saba.

Ƴan uwa na ci-rani, kalma ɗaya gare ku. Ɗiyanku da anka haifa a Kano ko Abijan ko Agadas sun san garin nan da suna, sun san shi wurin da ake aika kuɗi. In kun kawo su da kaka sunka ga kakansu, wanda suke gani kullum a kan buzu da tasbaha, ya tashi ya naɗa rawanin aro ya sa gari duka dariya, za su koma da abin da kuɗin mota bai biya ba.

Dattawanmu, ku kuma kada ku ce an girma, an bar wasa. Ba rawa muke so ku yi ba. Ku buɗe baki ku ba mu abin da ke ciki tun kuna tare da mu.

Waɗanda sunka riga mu gidan gaskiya cikin ƴan samariya, Allah ya jiƙansu, ya sa dariyar da sunka ba bayinsa ta zama sadaka gare su. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya maido matafiyanmu gida da alheri.  Yanzu magana ta koma ga taro.